Sammaci Shi Ma Hukunci Ne

 

Idan aka ce an kai wane ƙara, abin da jama'a suke tambaya a ƙarshe shi ne wa ya ci shari'a. Ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da shari'ar ta ci ba. Alhali kuwa tana ci, kuma mafi yawan abin da take ci daga jikin wanda aka kai ƙara take yankarsa, tun alƙali bai buɗe baki ba, ko yana da gaskiya ko ba shi da ita. A kan wannan nake so in yi magana yau, domin na ga abin da idona.

Akwai wani maƙwabcina, ɗan kasuwar hatsi, wanda 'ya'yansa biyu suke karatu a gabana. Wata rana da hantsi yana zaune bakin rumfarsa sai ga 'yan sanda, suka ce wani mutum daga wani gari ya yi kukan ya ba shi buhunan wake bisa amana, ya sayar ya cinye kuɗin. Shi kuwa ya riga ya biya ta hannun dillalin da ya haɗa su, amma dillalin ya rasu, kuma ba a rubuta kome ba, kamar yadda aka saba. Aka tasa shi gaba a tsakiyar kasuwa, abokan cinikinsa suna kallo. Ya kwana ɗaya a tsare, wanshekare aka yi belinsa. Daga nan magana ta tafi kotu da sunan cin amana, da wannan ta ƙi tsayawa sai aka juya ta ta koma neman bashi. Yau mai ƙara bai zo ba, gobe lauyansa yana wata kotu, jibi an yi wa alƙali canjin wuri sai a sake daga farko. Aka fi shekara uku ana haka. Daga ƙarshe mai ƙara ya daina zuwa ɗungum, kotu ta kori ƙarar, mutane suka zo suna yi wa maƙwabcina barka.

To, barka da me? Bari in lissafa muku abin da ya bari a hanya. Kowace ranar zama yakan rufe rumfa tun da safe, ya biya kuɗin mota nasa da na shaidunsa, ya ciyar da su, ya sallami lauya, sa'an nan a kira shari'ar a ɗage ta cikin abin da bai kai shan ruwa ba. Ya sayar da gonar da ya gada. Wannan duk dukiya ce, ana iya mayar da ita in Allah ya so. Abin da ba ya mayuwa shi ne amincin da mutane suke yi masa. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sani, cinikin Dawanau da Kantin Kwari da Singa yawancinsa ba da kuɗi hannu ake yinsa ba, ɗauki ka sayar ka kawo ne. Jarin mutum na gaskiya shi ne a ce wane ba ya cin kayan mutane. Ran da aka gan shi tsakanin 'yan sanda biyu, ran nan jarin ya karye. Ba wanda ya ce masa ɓarawo. Sai dai wanda ya saba sauke masa buhu ɗari ya koma cewa kaya ba su iso ba tukuna, wanda ya saba barinsa wata guda ya koma cewa a kawo kuɗi yau. Ba su yi mugunta ba, kowa tsoron dukiyarsa yake yi. Kotu kuwa ba ta da takardar da za ta rubuta wa kasuwa ta ce a ci gaba da amince masa.

Sa'an nan akwai abin da yake faruwa cikin gida, wanda mu malamai muka fi lauyoyi saninsa, domin wurinmu waɗannan mutane suke zuwa bayan lisha suna neman addu'a. Mutum ya zauna gabanka ka ga ya rame, ya ce malam barci ya ƙaurace mini, in na tsaya salla ba na sanin raka'a nawa na yi, kalmar da zan faɗa gaban alƙali kawai nake juyawa. Ya koma mai faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maƙwabcin nan nawa cikin shekara ta biyu likita ya ce hawan jini ya kama shi. An kawo kuɗin gaisuwar 'yarsa, da dangin yaron suka ji ana shari'a sai suka yi ta jan ƙafa har maganar ta mutu. 'Ya'yansa kuwa na ga canji a allonsu kafin in san dalili, yaron da yake riƙe sumuni guda a kwana biyu ya koma mako yana tuntuɓe a wuri ɗaya, ashe 'yan'uwansa ne suke yi masa gorin an kama ubansa. A nan ba zan ɓoye laifin wasu daga cikinmu ba, masu ganin irin wannan mutum kamar an kawo musu kasuwa, su ce a kawo rago, a kawo turare, za a rufe bakin alƙali. Mutumin da ruwa ya ci, an miƙa masa takobi ya kama.

Ka lura da wani abu, ya kai mai karatu. Mai ƙara shi ya zaɓi ranar da zai fara, shi ya zaɓi ƙofar da zai shiga, ya shirya kuɗinsa da shaidunsa, in ya gaji kuma ya zauna gida. Wanda aka kai ƙara bai zaɓi kome ba. In ya ƙi zuwa sau ɗaya ana iya yanke hukunci a bayansa ko a aika a kamo shi. Watau tun farko ba daidai suke ba, ko da an zaunar da su a tabarma ɗaya.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun san wannan sarai, sun kuwa gina masa katanga, sai dai mun karanta a zaure mun bar shi a zaure. Kowane almajirin da ya kai babin hukunci a Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuwa tana kan wanda ya musa. Amma nan take aka sa sharaɗi, ba a ɗora wa mutum rantsuwa sai an tabbatar akwai cuɗanya ta ciniki tsakaninsa da mai ƙara, ko akwai tuhuma mai tushe. Wannan cuɗanya ita ce Larabawa suke kira hulɗa, daga gare su muka ari kalmar. Imamu Maliku ya kawo a Muwaɗɗa cewa haka Umaru ɗan Abdul'azizu yake yi in yana hukunci tsakanin mutane. Dalilin da malamai suka bayar shi ne don kada marasa kunya su mayar da rantsuwa sandar dukan masu mutunci. Gama rantsuwa a kan abin da ya kai rubu'in dinari a masallacin Jumma'a ake yinta, gaban jama'a, kuma har gobe akwai dattawan da za su gwammace su biya abin da ba su ci ba da a ce ga su can sun yi alwala sun dafa Alƙur'ani a kan kuɗi. Mugu ya san haka, shi ya sa yake ƙara. Gaskiya ne malaman Andalus na baya sun sassauta wannan sharaɗi, aikin alƙalansu ya gudana a kan rantsarwa ba tare da shi ba. Amma abin da nake nunawa shi ne, tun ƙarni na biyu na Hijira an gane cewa kiran mutum gaban alƙali cuta ce a kan kanta, ba a sakinta ga duk wanda ya ga dama.

Ibnu Asimi, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a shekara ta 829 ta Hijira, watau 1426, ya tsara sauran katangar a cikin Tuhfa, littafin da alƙalan ƙasar nan suke riƙe da shi. Shari'a ana yinta ne, a bisa mashhurin zance, inda wanda ake ƙara yake, ba a jan shi zuwa garin mai ƙara. Ladan ɗan aiken kotu yana kan mai neman hakki, ba ya komawa kan wanda ake ƙara sai in shi ne ya yi taurin kai. Wanda ya ce yana da shaidu a ba shi lokaci, ana yanka masa ajali. Ko da yake an bar ƙaddara shi ga ganin alƙali, an nuna abin da aka saba: a sha'anin da ba na ƙasa ko gida ba kwana 8, sa'an nan 6, sa'an nan 4, sa'an nan a yi masa jinkirin kwana 3, duka 21. A sha'anin gida da gona da gado kwana 15, da 8, da 4, da 3, duka 30. In abin babba ne ko shaidu suna nesa a kai har wata uku. Idan ajali ya cika bai kawo kome ba, alƙali ya yi masa ta'ajizi, watau ya rubuta cewa ya gaza, ba za a sake sauraron hujjarsa a kan wannan magana ba, in banda abubuwa kaɗan kamar saki da nasaba da wakafi da jini. A Muhtasar kuma Halilu ya ambaci ladabtar da wanda ya yi da'awar ƙwace a kan mutumin da aka sani da kirki. Ga kuma hauzi, wanda yake hana baƙo ya tashi bayan shekara 10 yana gani ana gini ana rushewa bai ce uffan ba, ya ce gidan nasa ne.

Ku auna kwana 21 da shekara uku. Ku kuma auna ta'ajizi da abin da aka yi wa maƙwabcina. Shi korar ƙara aka yi don mai ƙara bai zo ba, ba a yanke cewa ba shi da hakki ba, sabo da haka a dokar da ake bi yana iya dawowa ya nemi a sake ɗora ta.

Kada wani ya ɗauka ina cewa zamanin En'e aljanna ce. Dattawan da suka ga shekarun 1950 sun ba mu labarin yadda aka riƙa jan 'yan NEPU gaban alƙalai don siyasa, da yadda ɗan sarki da talaka ba sa zama daidai. Irin wannan kuka yana cikin abin da ya sa aka kira kwamitin masana a 1958 a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammadu Abu Rannat, aka kuma karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a 1968. An gyara abubuwa da yawa. Amma a wancan zamani lauya ba ya tsayawa gaban alƙali, mutum da bakinsa yake magana, shari'ar bashi kuwa ba ta cika kwana da yawa ba. Yanzu bashin da aka fara gaban alƙalin unguwa yana iya hawa zuwa babbar kotun shari'a, daga nan Babbar Kotun Jiha, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli a Abuja. Matakala biyar ke nan. An yi su ne don kada kuskuren alƙali ɗaya ya halaka mutum, wannan kuwa niyya ce mai kyau, amma mai kuɗi shi yake iya hawa, kuma in ya hau dole wanda ya kayar da shi a ƙasa ya bi shi.

Lauyoyi suna da wata shari'ar fili ta Ikko da suke karantar da ɗalibansu, wadda suka sani da sunan Ariori da Elemo. An shigar da ita a 1960, shekarar samun mulkin kai. Alƙalin farko bai yanke hukunci ba sai 1975, bayan ya riƙe ta wata 15 da gama sauraro. A 1983 Kotun Ƙoli ta ce jinkirin ya ɓata hukuncin, a koma a sake daga farko. Yaron da aka haifa ran da aka kai sammacin ya isa aure ran da aka ce a sake. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 294, ya wajabta wa alƙalan manyan kotuna su yanke hukunci cikin kwana 90 bayan rufe shaida da jawabin ƙarshe. Madalla. Amma shekarun ba a nan suke tafiya ba, a ɗage-ɗagen da ke gaban rufe shaida suke tafiya. A 2021 kuma ma'aikatan kotuna suka shiga yajin aiki daga 6 ga Afril har cikin Yuni, kotunan ƙasar nan suka zauna a rufe sama da wata biyu. Suna da hujjarsu, 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a suke nema. Sai dai ban ji wanda ya lissafa mutanen da aka riga aka rufe wa shago ko aka hana su taɓa kuɗinsu na banki da umurnin kotu, suka zauna jiran ranar da ba ta zo ba.

Mafi muni a cikin al'amarin, a ganina, shi ne shigar 'yan sanda cikin bashi, domin nan ne ake zubar da mutunci a yini ɗaya. Ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san cewa doka ta hana. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba a kama mutum don saɓa alkawarin ciniki kawai, ba a kuma kama wani a madadin wani. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita wannan. A 2018 Kotun Ƙoli ta faɗa wa hukumar EFCC cewa ita ba mai karɓar wa mutane bashi ba ce. To, me ya sa abin bai daina ba? Domin mai bin bashi ya koyi kalmar da zai faɗa. Ba ya cewa ina bin wane, sai ya ce wane ya ci amanata, ya zambace ni, nan take bashi ya sa rigar laifi. Kuma mu faɗi gaskiya, masu yin haka ba daga sama suka faɗo ba, maƙwabtanmu ne na rumfa, wasu ma sahu ɗaya muke yi da su.

An yi wani gyara da ya cancanci a ambata. Jihar Ikko ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, don abin da bai wuce Naira miliyan 5 ba a lokacin, da sharaɗin a gama cikin kwana 60, mutum kuma yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Kano ta bi sahu a 2019. Gajarta lokaci rahama ce ga kowa, har da wanda ake ƙara, kuma ya fi kusa da ajalin da malamanmu suka yanka. Amma a san cewa an gina ta ne don mai bin bashi ya sami kuɗinsa da wuri, domin a lokacin gwamnati tana neman ƙasar ta hau sama a ma'aunin sauƙin kasuwanci na Bankin Duniya, wanda Ikko da Kano yake dubawa. Kwanakin da ake ba wanda ake ƙara ya mayar da amsa kaɗan ne. Da yawa daga masu karanta wannan fili sun sauke Alƙur'ani, suna lissafin miliyoyi da ka, amma takardar Turanci sai an karanta musu. Wanda ya jefa irin wannan takarda cikin aljihu ya ce sai ya dawo daga fatauci, yana iya dawowa ya tarar an ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi. Sabo da haka duk wanda aka miƙa wa takardar kotu, kada rana ta faɗi bai sami mai karanta masa ba.

Idan ka ce, malam, ka tsaya wa masu cin bashi, ai mafi yawan waɗanda ake ƙara da ma sun ci, sai in ce na ji, kuma mai hali da yake jan bashi azzalumi ne, babu saɓani. Ni ma an ci nawa. Amma wanda ya ci, hukuncinsa shi ne ya biya, in kuwa ya karye ne da gaske aya ta 280 ta Baƙara ta yi umurni a jira shi. Ba a ce a haɗa masa da ciwo da mutuwar auren 'yarsa ba. Balle wanda bai ci ba, kuma kafin hukunci ba wanda ya san wane ne wane.

Abin da nake roƙon alƙalanmu bai fi ƙarfinsu ba, yana cikin littafin da ke gabansu. Su yanka ajali su rubuta shi, in ya cika su yi ta'ajizi. Su tambayi hulɗa tun ranar farko kafin su ɗaga mutum daga kasuwarsa sau goma. Wanda ya bayyana ƙarya ya shirya, a ɗora masa abin da ɗan'uwansa ya kashe, da gaske, ba ɗan abin da ba ya isa kuɗin mota ba. Shugabannin kasuwa kuma su riƙa jawo magana tun ba ta fita ba, in ta fi ƙarfinsu akwai gidan sulhu da aka buɗe a ƙarƙashin Babbar Kotun Kano tun 2009. Ku kuma fatake, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kun haddace ta, amma kuna jin kunyar ku ce wa aboki a rubuta. Da maƙwabcina ya karɓi layi biyu na ajami daga hannun dillalin nan, da shaidu biyu a ƙasa, da maganar ta mutu a zama ɗaya.

Yanzu yana auna hatsi a rumfar wani wanda a dā yaronsa ne. Na tambaye shi kwanan baya ko zai nemi hakkinsa a kan wanda ya jawo masa wannan, tun da lauya ya ce akwai hanya. Ya ce, "Allah gafarta malam, in sake komawa can da ƙafata?" Ya ce har yanzu in ya hango baƙo ya nufo rumfa da takarda a hannu sai ya ji gabansa ya faɗi, ko da mai karɓar kuɗin shara ne.